Daminar da Illa Ya Ja Kurkununsa

Bana marka ta yi nauyi. Bangon ɗakina na gabas ya jiƙe har ya fara zubo da ƙasa, itace ya ƙi kama wuta, zane in ka shanya sai ya kwana yana warin danshi. Shekaran jiya da ruwa ya ɗan tsagaita, maƙwabciyata ta aiko mini da tumu biyu, ta ce geronsu na bayan gari ya fara nuna. Na gasa ɗaya, na murje a tafin hannu, na hure, na kai baki. Na biyun ban iya ci ba. Duk shekara in gero ya kai haka sai Illa ya faɗo mini a rai, shi da ƙafarsa ta hagu.

Yanzu gonakin da ake iya zuwa ba su wuce inda ake jin kiran salla ba. Na daji sun koma ciyawa, kowa kuma ya san dalili. Samarinmu ne ke ɗaure kaya su nufi kudu neman ƙodago a gonakin mutane. A wancan lokaci kuwa, wajen ƙarshen mulkin soja, mu ake zo wa.

Mijina ya rasu ya bar ni da yara, na koma gidan wana a wani ƙauye can gefen Adabka, ƙasar Bukkuyum. Akwai wani Alhaji a garin mai babbar gona a daji, tafiyar da in ka fita da sassafe sai hantsi ka isa. Shi ya ɗauke ni dafa wa ma'aikatansa abinci. Sunana Tumba, amma a gonar ba mai kirana sai da Inna, har waɗanda suka girme ni.

Ma'aikatan iri biyu ne. Akwai 'yan gari masu ƙodago, su zo da safe, a sallame su da yamma. Ranar kasuwa ba su zuwa, in ana suna a unguwarsu ba su zuwa, ba mai ce musu komai. Akwai kuma baƙi, mutanen arewa da ke gangarowa daga Adar ta ƙasar Nijar a ƙarshen bazara, kowa da hauyarsa a kafaɗa da ƙunshin kayansa. Su ba a biyansu kullum. Ana ɗaukarsu ne damina guda, daga shuka har girbin gero, a ba su hatsi a ƙarshe su kai gida. Wakilin Alhaji, wani gajeren mutum mai suna Bawa, shi ke faɗa musu sharaɗi ranar da suka sauka, kuma kowace shekara kalmominsa ba su canzawa:

"Tuwo namu, makwanci namu. Hatsi sai an ɗora wa rumbu jinka. Wanda yak kwanta ko yat tahi kahin nan, abin da yac ci shi na ladanai."

Wato abincin da ya ci ne ladansa, ba shi da hatsi. Wai don kada su gudu a tsakiyar aiki. Su kuwa mutanen da suka baro gida ba ko tsaba a rumbu, ina suka ga bakin musu? Sai su ce to.

Illa shekararsa ta biyu ke nan a gonar. Dogo ne, baƙi, mai wushirya, ya zo tare da abokinsa Nomau, ɗan garinsu. Ya baro mata da yara ƙanana da tsohuwar uwa, ya ce abin da ya bar musu ba zai kai su kaka ba sai sun haɗa da ganye. Gonarsa ta can rairayi ya cinye ta. Duk lissafin gidansa yana kan geron nan da zai ɗauka in an rufe rumbu.

Bazarar shekarar ta yi zafi ƙwarai. Kaji su kwanta a inuwa baki buɗe, ruwan randa ya yi ɗumi kamar an ɗora a wuta, dare ya yi ba mai iya kwana a ɗaki. Baƙin suka yi sharar gona a cikin wannan rana, suka ƙone kara, suka kafa bukkarsu a gefen tsamiya. Ranar da ruwan farko ya sauka, iska ta fara kwashe rabin bukkar kafin ɗigo ɗaya ya faɗo. Washegari ƙasa na ƙamshi, aka jera da sungumi, masu sara a gaba, masu zuba iri a baya suna rufewa da diddige. Har yau in na rufe ido ina ganin layin nan nasu yana tafiya.

Ni kuwa aikina tun asuba yake farawa. In yi surfe, in wanke, in kai inji, in dawo in hura wuta. Tukunya biyu nake ɗorawa, haka aka ce in yi. Ta 'yan gari dawa ce mai kyau, miyar kuka da daddawa da ɗan mai. Ta baƙi dawar gindin rumbu ce wadda ƙwari suka gama da ita, in ka niƙa garin har ɗaci yake yi, miyar kuwa kuka ce da gishiri. Nakan tsame ludayi biyu daga waccan in juye a wannan. Bawa ya kama ni wata rana, ya ce ba gidan ubana ba ne. Na ce da gidan ubana ne ai da tukunya ɗaya za a ɗora. Ni dai bakina bai iya shiru ba, shi ya sa ma dangin mijina ba su riƙe ni ba.

Illa shi ke fara tarbata in na iso da akussa a kai. Ya sauke mini, ya buɗe, ya leƙa, ya ce, "Inna, miyag ga yau ma daga nesa ta gaida daddawa." In ce masa ya ci ko ya bari, ba ni da lokacin mai dogon wuya. Ya yi dariya ya cinye, har ya suɗe akushin.

Ruwan sha ma biyu ne. Jaki kan biyo ni da jarkoki daga rijiyar gari, na Bawa da 'yan ƙodago. Baƙi tunda a gonar suke kwana, sai aka ce ai ga tabki nan kusa da su. Tabkin nan shanun Fulani na sha, yara na wanka, ruwan kore-kore da ƙananan abubuwa suna yawo a ciki. Daga nan suke sha, da shi suke alwala. A shekarar ne masu aikin lafiya suka zo a kan babur suna raba wani farin ƙyalle na tace ruwa, kowane magidanci ɗaya. Baƙi ba magidanta ba ne a garin, ba wanda ya tuna da su. Na kai musu tsohon ɗankwalina su riƙa tacewa. Ashe shi Illa tun bara ya riga ya sha abin da ya sha.

Aka yi noman farko, aka yi maimai. Sai marka ta kama. Sama ta rufe, rana ta ɓuya, ruwa ya yi ta zuba yaf-yaf ba ya ɗaukewa. Tsohon hatsi ya ƙare a gidaje, sabo bai zo ba, kowa fuskarsa ta faɗa. Aka rage mini awon da ake ba ni, kuma daga tukunyar baƙi aka fara ragewa. Tuwon ya koma na rana kaɗai. Da yamma su tsinko tafasa da rama su dafa a gwangwani, su barbaɗa gishiri. Bukkarsu na yoyo, tabarma ba ta bushewa, sauro kuwa sai ka ce da gayya aka kira shi. Tsakanin yatsun ƙafarsu duk ya zama fari ya tsattsage. Ni kaina hanyar gonar ta zame mini azaba, in tsallaka rafi ruwa har gwiwa, akushi a kai, cikina yana kuka, ƙamshin tuwon mutane yana bina.

A cikin markar nan Illa ya fara ɗingishi. Wani ƙurji ya taso masa a idon sawu, ya ce ji yake kamar an ɗora masa garwashi. Ya tsoma ƙafar a ruwa don ya ji sanyi, ƙurjin ya fashe, wani farin abu siriri kamar zare ya leƙo. Ya kira ni in gani, don a ƙasarsu rijiyoyi ne masu zurfi, bai taɓa ganin irinsa ba. Ina kallo na gane shi. Na ce kurkunu ne.

Yaran yanzu ba su san kurkunu ba, Allah ya raba su da shi. Tsutsa ce doguwa da ke shiga cikin mutum ta ruwan tabki, ta yi shekara tana girma, sannan ta nemi hanyar fita, galibi ta ƙafa. Ba allura, ba ƙwaya. Maganinta ɗaya ne, kuma kowane ɗan ƙasarmu ya san shi tun yana yaro: ka sami ɗan tsinke, ka naɗe kan da ya fito, kullum ka murza kaɗan, iyakar abin da ta ba ka da kanta. In ta tsaya, ka tsaya. Wani ya yi wata yana naɗa, wani ya fi. Abin da ba a yi shi ne ja. In ta tsinke, sauran ya koma ciki ya ruɓe, to sai abin da Allah ya yi.

Na nuna masa yadda ake naɗawa. Na kawo masa man kaɗe yana shafawa. Na faɗa masa, na sake faɗa masa, har ya ce in bar shi haka nan, ya ji. Lokacin aiki ya ɗan yi sauƙi, sai tsaron tsuntsu da gyaran kunya, su Nomau suka riƙa rufa masa asiri, in Bawa ya zo ya same shi tsaye da hauya. Tsinken yana ƙara kauri a hankali, mu duka muna sa rai za ta gama fita kafin girbi.

Gero ya riga ta. Rana ta buɗe, kawuna suka yi nauyi suka sunkuya, Alhaji ya aiko a fara girbi kafin wani ruwan ya lalata. Girbi kuwa aikin tsaye ne. Ka riƙe magirbi, ka bi kunya kana sare kara daga tushe, ka taka, ka juya, tun safe har la'asar. Bayan masu sara sai masu yanka, su suna iya zama a ƙasa su jawo kara su yanke kawunan da 'yar wuƙa.

Akwai wani ɗan gari, Labbo, shi ma kurkunu ya kama shi a ƙafa a daminar. Shi Bawa ya sa shi cikin masu yanka, yana zaune ƙafarsa a miƙe, da yamma a sallame shi kamar kowa. Ganin haka Nomau ya je ya durƙusa gaban Bawa, ya roƙa a bar Illa shi ma ya zauna ya yi yanka, su sauran za su ɗauke saransa. Ina wurin ina kwashe kwanuka. Bawa ya ce yanka aikin 'yan gari ne da tsofaffi, baƙo don sara aka ɗauko shi. Nomau ya nuna Labbo. Bawa ko kallon wajen bai yi ba, ya ce:

"Labbo ɗan gida na. Illa ko in bai iya tsayuwa, ya kwanta ke nan, kun san kuma abin da munka yi da ku."

Na saka baki, na ce ya ji tsoron Allah, ciwon nan a tabkin gonar nan aka same shi. Ya ce in tsaya a kan tukunyata. Illa yana gindin tsamiya, duk a kunnensa.

Washegari na iso da fura da hantsi, mutane sun fara jera wa kunya. Na hango shi zaune shi kaɗai, ya tanƙwashe ƙafar a kan cinya, tsinken yana hannunsa. Da na matso sai na ga yadda zaren ya miƙe ya yi tsauri, ya kuwa cije leɓe yana ci gaba da murzawa. Na ajiye ƙwaryar, na ce Illa sake shi, don girman Allah sake shi. Ya ɗago ya dube ni, gumi na zuba a fuskarsa.

"Inna, saura kaɗan. Ina jin ƙarshenta. Ɗiyana na jiran hatsin ga."

Ya ƙara murzawa sau ɗaya. Ko ƙara ba ta yi ba. Tsinken ya dawo hannunsa da guntun zare yana lilo, sauran ya shige cikin ƙafar muna kallo. Na zauna a ƙasa. Shi kuwa ya dubi tsinken, ya jefar, ya yago bakin rigarsa ya ɗaure wurin, ya miƙe ya ɗauki magirbi. Ran nan ya yi aikin mutum biyu, har Bawa ya ce ashe da ma lalaci ne.

Kwana biyu ya yi a tsaye. A na uku ƙafar ta kumbura har gwiwa, tana sheƙi, in ka taɓa kamar murhu. Zazzaɓi ya rufe shi. Aka kira wanzami ya yi masa sakiya, abin da ya fito ba zan faɗa ba, warin ya kori mutane daga inuwar tsamiya. Duk da haka bai yarda ya kwanta a bukka ba. Kowace safiya Nomau ya goya shi zuwa inda ake tara kawunan gero, ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya, ya miƙe mai ciwon, yana ɗaurin dami. Daminsa kuwa ba ya kwancewa. Bawa ya gani bai ce komai ba, don hadari na haɗuwa kullum da yamma, ana neman hannu. Shirun nan nasa muka riƙe, muka ce tunda yana aiki ai bai kwanta ba.

Na ce a kai shi asibiti Bukkuyum. Hanya ta yanke, mota ba ta shigowa, amalanken shanu guda da ke akwai tana jigilar dami zuwa gari, Bawa ya ce ba ta da sarari sai an gama. Ko da ta samu ma, Illa ya ce ba inda za shi. In ya bar gonar ya bar geronsa. Ya ce in bari a ɗora jinka tukuna, sannan su kai shi duk inda suka ga dama.

Daga nan muƙamuƙinsa ya fara tauri. Da farko ya ce tuwo ke ba shi wuyar tauna, sai na koma dama masa kunu. Daga baya kunun ma sai ta wushiryarsa nake ɗura masa da ɗan ƙaramin cokali, rabi ya shiga rabi ya biyo wuya. Jikinsa ya riƙa sandarewa, bayansa ya banƙare, in amalanke ta wuce da ƙara sai abin ya taso masa. Hankalinsa kuwa garau, shi ne abin da ya fi ci mini rai. Duk sanda na shiga bukkar idonsa na kaina, ya yi magana ta cikin haƙora, kuma tambayarsa ɗaya ce, saura dami nawa a gona. In ce kaɗan. Na tsani geron nan a kwanakin, wallahi na tsane shi, na ga kamar ƙaruwa yake yi.

Ya cika da hantsi, ana loda wa amalanke. Nomau na can wurin lodi, ni ce a kansa. Na rufe masa ido, na fita na kira su.

Alhaji ya aiko da likkafani sabo fil, mai kyau, ya kuma zo jana'iza da kansa ya tsaya a sahun gaba. A gari aka yi ta yaba masa, ana cewa ga baƙon da ba shi da kowa an suturta shi kamar ɗan gida. Bayan jana'iza aka koma gona, don sauran damin na ƙasa kuma sama ta yi baƙi.

Jibin ranar aka zuba dami na ƙarshe. Baƙin ne suka ɗaga jinkar, suka ɗora wa rumbun, suka ɗaure. Aka fito da sussukakken gero aka auna wa kowa nasa. Da aka gama Nomau ya tsaya bai tafi ba, ya ce saura na Illa. Bawa ya ce Illa bai ga ɗora jinka ba. Nomau ya wuni a ƙofar gidan Alhaji har ya fito sallar la'asar. Alhaji ya yi masa ta'aziyya da murya mai taushi, ya ce sha'anin gona yana hannun Bawa, in aka karya sharaɗi saboda mutum ɗaya, baɗi kowa sai ya kwanta. Ya kuma tuna masa da likkafanin. Ni kuwa na sami Bawa a bakin rumbu, na ce Allah ya isa tsakaninsa da yaran nan, a gaban mutane na faɗa. Daga ranar ban sake ɗora tukunya a gidan ba.

Da safen da za su tafi na je bukkar in karɓo kwanukana. Na tarar sun kwance ƙunshin Illa. Ba komai a ciki sai riga ɗaya, da carbi, da buhu biyu a naɗe tsaf da igiyarsu. An yi musu faci da tsummoki kala-kala, ɗinki ƙanana a jere, ko ƙwaya ba za ta zube ba. Nomau ya ce matar Illa ce ta ɗinke su kafin su taso.

Suka buɗe ɗaya. Kowa ya kwance bakin nasa buhun ya ɗebo abin da zai iya, wani kwano biyu, wani ɗaya, su ma kowa da bakunan da ke jiransa. Na ce su jira ni, na koma gida na kwaso ɗan abin da ke cikin tukunyata na ƙara. Duk da haka buhun da kaɗan ya wuce rabi. Nomau ya ɗaure shi, ya ɗora a kan nasa. Sannan ya ɗauki ɗayan, wanda ba a ko warware ba, ya juya shi a hannu, ya miƙo mini.

"Inna, riƙe wanga wurinki. In ce mata ɗaya ya ɓace a hanya. Ba ni iya miƙa mata shi wayam."